Tambaya da Amsa: Maigidana na shan ruwan ɗanyen silƙi kullum, akwai illa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Yayata ce ta kawo mini irin wani ganye daga Umara, Larabawa na ce masa silƙi, mai faɗin ganye da jan kara. Na shuka a buhuna a bayan gida farkon hunturu, ya kuwa yi kyau. Sai dai in na yi miya da shi yakan bar mana dasashi a haƙora. Babbar damuwata ita ce maigida. Yana da suga da hawan jini, yana shan maganin hawan jini lisinopril, sai wani ya turo masa murya a WhatsApp wai a markaɗa ɗanyen ganyen a sha kofi guda da sassafe, yana wanke ƙoda. Ya kusa wata yana sha. Hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wata uwargida a Hotoro.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ganyenki lafiyayye ne, jinsinsu ɗaya da bitirut (jar saiwar nan da ake sa wa a salak), kuma kin dace da lokacin shuka, don ba ya son zafin bazarar Kano. Amma ruwan nan da Alhaji ke sha, a dakatar da shi yau.

Dasashin da kike ji sinadarin okzalet ne, kuma silƙi na cikin ganyayyakin da suka fi kowane yawansa. Ki tafasa ruwa mai yawa, ki zuba ganyen ya yi minti 2 ko 3, ki tsame, ki zubar da ruwan. Kaso mai yawa na okzalet ɗin zai bi ruwan nan. Karan kuma ki ware shi daban, ki yayyanka ƙanana, ki soya da albasa da attaruhu tun farko, ganyen ya shiga sai za a sauke. Yana daɗi a miyar taushe da kabewa da gyaɗa, yana shiga faten tsaki, kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli ma ba baya ba. Kanwa ba ta da aiki a nan, ganyen ba ya da tauri, bitamin C kawai za ta kashe miki. In an biyo bayan abincin da kindirmo ya fi, domin kalsiyam ɗin nono yana kama okzalet tun a hanji kafin ya isa ƙoda. Wajen tsinka, ki riƙa cire na gefe ki bar tsakiyar, zai ci gaba da tofo miki.

Yanzu maganar wanke ƙoda, wadda na gaji da jin ta. Kusan kullum sai an zo mini da ita: yau ruwan ganye, gobe jiƙon wata saiwa da mai lasifika ya sayar a bakin kasuwa. Ƙoda ita ke tace jini dare da rana, ba ta jiran kowa ya wanke ta. Abin da kofin nan ke yi shi ne ya tara okzalet na damin ganyen da mutum ba zai iya cinyewa a zama ɗaya ba, ɗanye, ciki wayam, ya aika wa ƙoda. A can ya haɗu da kalsiyam ya zama tsakuwa, irin wadda ta fi yawa a cikin masu tsakuwar ƙoda. Ki haɗa wannan da watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a garin nan, mutum na zufa, fitsari ya yi kaɗan ya yi ja.

Na Alhaji ya ma fi haka haɗari. Suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma a ɓoye suke yi, mutum na zuwa kasuwa da masallaci bai san komai ba. Lisinopril magani ne mai kyau, yana ma kare ƙodar mai suga, amma yana sa jiki riƙe fotasiyam, silƙi kuwa giram 100 kacal na ɗauke da kusan miligiram 380. In ƙoda ta raunana, fotasiyam ya taru a jini, bugun zuciya ne ke rikicewa, wani lokaci ba tare da wata alama ba. Shi mai turo muryar ya tambayi maganin da Alhaji ke sha? Ya ga sakamakon gwajinsa? Bai ma san da shi ba. Ya tura wa mutum ɗari ya kwanta barci, in abu ya ɓaci iyali ne za su kwana a asibiti suna neman kuɗin wankin ƙoda. Mu ji tsoron Allah da abin da muke turawa, lafiyar mutum amana ce.

Haka mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, shi ma ya yi hattara: giram 100 na ɗanyen silƙi na da bitamin K kimanin maikirogiram 830, ninkin buƙatar yini sau da yawa, kuma yana rage ƙarfin maganin. Kada ya fara cinsa da yawa sai da sanin likitansa.

Ki lallaɓa Alhaji cikin makon nan ya je inda ake duba shi, ko Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a auna masa kiriyatinin (mai nuna yadda ƙoda ke aiki) da fotasiyam a jini, da furotin a fitsari, ya kuma faɗa wa likita tsawon lokacin da ya yi yana sha. Kada ya ajiye lisinopril da kansa. In gwajin ya fito lafiya, ki ci gaba da sa masa dafaffen silƙi a miya sau biyu ko uku a mako, sauran kwanakin ki sauya da zogale ko kabeji.