Tambaya da Amsa: Yarona ya ce ba ya cin abinci da baƙa

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a taimaka mani da shawara. Yarona shekararshi 5, ranar suna gidan yayata aka zuba masu shinkafa tire ɗaya da ɗiyar maƙwabta sai ya janye hannu wai shi ba ya ci da baƙa, gaban uwar yarinyar fa, wlh ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma in na ce ya ɗauko tsintsiya sai ya ce shi ba mace ba ne, in suna wasan sarki da yayarshi ya ce mace ba ta sarauta. In zane shi ne ko in ƙyale tunda yaro ne?
Wata uwa, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Wa alaikis salam 'yar uwa. Kar ki zane shi kuma kar ki ƙyale. In kika make mashi baki abin da zai koya kawai shi ne kar ya faɗa gabanki, maganar na nan cikin kanshi. Dariya ma ta fi duka illa, don ɗan shekara 5 in ya ga manya sun yi shewa gobe sai ya ƙara.

A wurin nan take ki duƙa daidai tsawonshi ki ce "ba mu faɗin haka, ka ɓata mata rai, ba ta haƙuri", sannan ki jawo yarinyar jikinki ki lallashe ta gaban idonshi, ita ce aka yi ma rauni ai, kullum ita ake mantawa ana ta fama da kunyar manya. In kun koma gida hankali kwance sai ki tambaye shi, wa ka ji yana cewa haka? Ki shirya ma amsar fa, don sau da yawa cikin gida ne, mu ne in an yi haihuwa muke buɗe zani mu duba kunnen jariri mu ce kai wannan baƙi zai yi, mu ne masu "fara ko mayya ce" da "farar mace alkyabbar mata", ga man bilicin jere gaban madubi yaro na kallo, to mi kike so ya ɗauka?

Bayanin kuma a taƙaice: akwai wani sinadari cikin fata ana ce mashi melanin, kowa na da shi, mai yawa ya yi duhu mai kaɗan ya yi haske, kuma yana kare fata daga rana. Ki haɗa hannunki da nashi da na babanshi ya gani da idonshi ko ku ba kala ɗaya ba ne. Tunda yana zuwa Islamiyya ki gaya mashi Suratur Rum aya ta 22 ta sa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, ki ba shi labarin Sayyidina Bilal ladanin Annabi (SAW).

Batun tsintsiya sauƙi gare shi. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yana taya iyalinshi hidimar gida, Bukhari ya ruwaito. Amma gaskiya wa'azinki ba zai kai ganin babanshi ya wanke kofin da ya sha shayi ba, ki yi ma maigida magana, kuma a hana yayye kiran yaro ɗan daudu don ya shiga kicin. Aikin gida ki raba da kwana, yau shi shara ita wanke-wanke, gobe a juya.

Sarauta kuwa Daura ba nisa, in an yi hutu ku je rijiyar Kusugu a ba shi labarin Magajiya Daurama da sarauniyoyin da suka riƙe garin kafin zuwan Bayajidda. Kuma kar ki bari zancen ya kwana biyu, ki kama hannunshi ku je gidan yarinyar ki ba uwarta haƙuri da bakinki.