Yankan ciyawa ba ya kashe furannin tsaunukan Romaniya?

Tambaya: Malam, na ga hotunan filayen ciyawa a tsaunukan Romaniya, furanni kala-kala har da okid, amma aka ce manoma na yanke su duk shekara. Ba gara a ƙyale su ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ai da za a ƙyale su, da ba ka ga hotunan nan ba. Filin da aka daina yanka, 'yan shekaru kaɗan sai dogayen ciyayi da ƙananan itatuwa su mamaye shi, su tare wa furanni rana.

A yankin Tiransilbaniya, cikin tsaunukan Karfatiya, har yau akwai masu yanka da dogon lauje irin na yankan tsaye. Ba sa garaje. Sai wajen Yuli ko Agusta, bayan iri ya ƙosa, sannan su yanka, su baza a rana suna juyawa, irin yana kakkaɓewa ƙasa, su tara ingiricin da dabbobi za su ci da hunturu. A Gimes kuwa, wani yanki na waɗannan tsaunuka, ɓurɓushin da ya zube a ɗakin ajiyar ciyawa ma sharo shi suke yi su watsa a fili, don cike yake da iri.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, rashin ƙarfin ƙasar ne ke rayar da furannin. Kwashe ciyawa duk shekara yana hana ƙasa ƙiba, babu tsiron da zai yi kaka-gida. A wani fili kusa da birnin Cluj an ƙirga nau'in tsiro 98 a murabba'in mita 10 kacal. Zuba takin zamani ka gani: ciyawa ce za ta harba, sauran su shaƙe. Gwajin da ake yi a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila tun 1856 ya nuna haka ƙarara.

Shi okid ya fi kowa tsautsayi. Irinsa kamar ƙura yake, ba shi da guzurin abinci, ba ya tsira sai wata funfuna mai zare-zare da ke cikin ƙasa ta ciyar da shi, kuma yakan yi shekaru kafin ya yi fure. Garma ta bi ta kansa sau ɗaya, shi ke nan.

Ni damuwata ba lauje ba ce, masu riƙe shi ne. Matasan ƙauyukan sun watse birane da ƙasashen waje neman kuɗi, an bar tsofaffi da gangaren da tarakta ba ta iya hawa.