Amsa: Yaushe ake sa "me" kafin aikatau a Sifaniyanci?

Ɗan'uwa, ka tambayi bambancin "lavo" da "me lavo". Duba wanda aikin ya faɗa wa. In mota kake wankewa, "lavo el coche". In jikinka ne, "me lavo". Irin waɗannan wakilan suna su ne me (ni), te (kai), se (shi ko ita), nos (mu), os (ku), se (su), kodayake "os" a Sifaniya aka fi jinsa, mutanen Meziko "se" suke sawa.

Inda masu koyo ke tuntuɓe shi ne gaɓoɓin jiki. Ka ce "me lavo las manos", ban da "mis manos", tunda "me" ya riga ya nuna hannun naka ne. A umarni wakilin yana mannewa a ƙarshe: "levántate", wato tashi. In hani ne sai ya dawo gaba: "no te levantes".

Wasu aikatau kuma ma'ana suke sauyawa in an sa musu wakilin: "dormir" yin barci, "dormirse" barci ya kwashe mutum. Waɗannan sai hadda.