Tambaya da Amsa: Tabar Naɗin Hannu a Shagon Unguwa

Tambaya: Assalamu alaikum. An buɗe shago a unguwarmu da ke sayar da tabar nan mai kauri ta naɗin hannu, irin ta ƙasar Kuba. Maigidana ya aike ni in sayo masa kara biyu, ya mayar mini da ɗaya wai ta bushe. Yaya ake gane mai kyau? Daga wani mai karatu a Barnawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da ka shiga shagon, fara duba inda ake ajiyarta kafin ka kalli tabar. Ita ganye ce zalla, ba takarda a jikinta, hawa uku: ganyen ciki, ganyen da ya ɗaure shi, sai na waje mai laushi da sheƙi. Ganye kuwa danshi ne ransa. Ya kamata a same ta cikin rufaffen akwati ko kabad mai agogon auna danshi, allurar tana tsakanin 65 da 72. In a fili kan kantar shagon ka gan ta, fanka na kaɗa ta, ka juya abinka.

Nemi izinin mai shago, ka riƙe kara ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, ka ɗan matsa a hankali daga kai har gindi. Mai kyau za ta lotsa kaɗan ta dawo. In ka ji ƙaras-ƙaras ta bushe, za ta ci wuta da sauri ta yi ɗaci. In ka ji wani wuri da tauri kamar ƙulli, mai naɗin ya cusa ganye da yawa, hayaƙi ba zai wuce ba. Ka duba ko akwai 'yan ramuka kamar hudar allura. Aikin ƙwaron taba ne, kuma in ya shiga kara ɗaya sai ya bi akwatin duka.

Batun Kuba kuma a yi hattara, don jabu ya yi yawa. Akwatin gaske yana da hatimin gwamnatin Kuba, a ƙasan akwatin an buga Hecho en Cuba, wato an yi a Kuba. Wanda ya kawo maka Cohiba, wani shahararren samfurin tabar Kuba, da araha cikin akwati mai murfin gilashi, jabu ya kawo. Ta Nikaragwa da ta Jamhuriyar Dominika ma naɗin hannu ne, galibi sun fi sauƙin kuɗi.

Tambaya: Mijina ya bar sigari ya koma wannan, yana cewa ba ta da illa tunda ba a zuƙar ta zuwa ƙirji. Gaskiya ne? Daga wata uwargida a Unguwar Rimi.

Amsa: Hajiya, ba gaskiya ba ne, ki faɗa masa da murya mai taushi amma kada ki rage komai. Babban kara ɗaya zai iya ɗaukar ganyen da ya kai na kwalin sigari guda. Nikotin ɗinta ta fatar baki yake shiga jini, ko ba a zuƙa ba. Tana jawo kansar baki, da ta harshe, da ta maƙogwaro, da ta hanyar abinci. Wanda ya saba da sigari ma yakan zuƙe ta bai sani ba. Kara ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa sama da awa yana ci, duk wannan hayaƙin ke da yara kuke shaƙa in a ɗaki ne. Ya ga likita kan yadda zai bari gaba ɗaya.

Tambaya: Ina da ƙaramin shago, kayana suna tsagewa da hunturu. Mene ne mafita? Daga wani ɗan kasuwa a Kawo.

Amsa: Alhaji, iskar Kaduna daga Disamba zuwa Fabrairu tana zuƙe danshin ganyen waje kafin na ciki, shi ya sa yake tsagewa. Samu roba mai murfi da ke rufuwa gam, ka sa ɗan soso a ƙaramin kofi a gefe, kada ya taɓa tabar. Ka jiƙa shi da tataccen ruwan kemis, don ruwan famfo na kawo fumfuna. Wadda ta riga ta bushe kada a yayyafa mata ruwa, cikin zai kumbura ya fasa bayan. A bar ta ta sha danshi sannu a hankali, mako biyu zuwa huɗu.

Gwada agogonka na auna danshi ma: zuba gishiri a murfin kwalba, ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, rufe shi tare da agogon a leda awa 8. Ya kamata ya nuna 75. In ya kauce, ka riƙa lissafi da bambancin. Da zafin Maris da Afrilu kuma ƙwaro ke ƙyanƙyashewa, sai ka ajiye robar a ɗaki mafi sanyi, kusa da digiri 21 in zai yiwu. Da damina cire soson, ka riƙa buɗe murfin kana dubawa. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko da aiko shi aka yi.