Kafin ki tura kuɗin kyanwar nan

'Yar'uwa, na karanta tambayarki. Kin ce kin ga 'yar kyanwa fara sol, irin ta Farisa mai dogon gashi, a Instagram, satinta 6, mai ita ya ce ki tura kuɗi ya ba direba ya kawo miki. Don Allah ki dakata tukuna. Shekarata 9 ina kiwon irinsu a nan Kano, kuma ta farko da na saya haka ta iso min, a cikin kwali daga tasha.

Sati 6 ya yi wuri ƙwarai. Mai kiwon da ya san abin da yake yi ba ya raba 'ya da uwa sai ta kai sati 12 ko 13, an yi mata rigakafi sau biyu, an ba ta maganin tsutsar ciki, da katin likitan dabbobi a hannu. Tawa da makero ta zo a bayan kunne, gashi ya rufe shi ruf, ban ankara ba sai da ya kama yarana biyu.

Amma abin da ya fi ci min rai ƙoda ce. Akwai ciwon gado da ya yi yawa a wannan jinsin, likitoci na ce masa PKD. Wasu ƙullutai ne masu ruwa da ake haihuwar kyanwa da su a ƙoda, suna girma a hankali har su cinye ta. Ko ɗaya cikin iyaye ne ke da shi, kusan rabin 'ya'yan za su ɗauka, kuma ba ya nunawa sai ta manyanta. Tawa tana shekara 7 na lura kullum tana tsugune a bakin famfo, ta sha ruwa ta koma ta sake sha. In na ɗaga ta sai in ji ƙashin baya a tafin hannuna, gashi ne ya ɓoye min ramar. Wata huɗu muka yi muna jinya, ta tafi. Ciwon ba shi da maganin warkewa, amma ana gano shi a jikin iyaye tun kafin a haɗa su, ta gwajin ƙwayar halitta da ake shafowa daga cikin kumatu, ko ta hoton ciki bayan wata 10 da haihuwa. Ki tambaye shi kai tsaye: an duba uwa da muzurun? Ina takardar?

Sannan ki je gidan da ƙafarki. Ki ga uwar, ki ji warin ɗakin, ki duba ido ko akwai kwantsa, ki saurari numfashi. Masu shafaffiyar fuskar nan da aka fi yayi suna fama da hawaye da toshewar hanci, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Ni dai wadda hancinta ya ɗan fito nake zaɓa yanzu. In kika ga kyanwa ta buɗe baki tana haki, a nufi asibiti nan take.

Sai taza, kullum ce, ba fashi. Mataji na ƙarfe, a bi hammata, bayan kunne da ƙasan wutsiya, don nan yake fara cukurkuɗewa. In ya dunƙule kada ki sa almakashi, fatarsu ba ta da kauri, a kai a aske. Kuma ko da wasa kada a ba ta farasitamol, kashe kyanwa yake yi.

Ki ce masa za ki zo ranar Asabar ki ga uwar da katin rigakafi, kuma sai ta cika sati 12 za ki ɗauka. Duk abin da ya ce, ki dawo nan ki faɗa mana.