Jikan Duna ne a hannunka

Ɗana, jiya muna dawowa daga gindin dutsen Tingilin ka tambaye ni me ya sa kwikwiyon da na ba ka yake bin ƙanenka, kai kuwa ko fito ka yi masa ba ya ɗaga kunne. Har ka ce ko dai ba irin farauta ba ne. Irinta ne, jikan tsohon karena Duna ne ma. Amma wa ke zuba masa tuwo a gidanku?

Duna a Fitowa na ɗauko shi yana ɗan wata biyu, cikin burgamina ya iso Garuwa, nan arewacin Kamaru. Shekara tara muka yi tare, in dai ina gari babu hannun da ya ba shi abinci sai nawa. Ni ke zama da yamma ina cire masa kaska a kunne da tsakanin yatsu, ni ke kai shi wajen likitan dabbobi kowace shekara a yi masa allurar ciwon hauka. Wasu suna ganin na cika ji da kare. Ni kuwa abokin nema na ɗauke shi, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da horarren kare ya kama mana, mu ambaci sunan Allah. In ka tarar da dabbar da sauran rai, ka yanka.

Horonsa da busasshiyar fatar zomo na fara. In ɗaura mata igiya in ja ta cikin ciyawa in ɓoye, ya bi da hanci, ya kawo ya ajiye a gabana, sannan ya sami ɗan ƙanzo. Wata uku muna wannan kafin ya ga zomo mai rai. Abin da ya fi wuya shi ne kira. Gandun dajin Binuwai tun 1932 hukuma ta killace shi, ba a farauta a ciki, kare kuwa bai san iyaka ba. Na taɓa ganin Duna ya tasar wa gada, saura ƙiris ya cim mata, ta nufi cikin gandun. Fito ɗaya na yi. Ya ja birki har ƙura ta tashi, ya dawo yana haki yana kallona.

Rabuwarmu da bazara ce, bayan an ƙone daji. Yana gabana kamar kullum, sai ya tsaya cak ya tokare mini gwiwa da jikinsa. Kububuwa ce a kan hanya, launinta ya saje da ƙasa. Kafin in ɗaga kere ta sare shi a wuya. Ka san dafinta, jini ba ya tsayawa. A kafaɗa na ɗauko shi, ya kwana biyu kansa a kan ƙafata, ya cika. Ƙarƙashin tsamiyar bayan gida na binne shi, kuma har yau in na saɓa bindiga da asuba sai na waiga wajen.

Saboda haka daga yau ka ce wa ƙanenka ya janye hannunsa. Kai za ka ba kwikwiyon abinci safe da yamma, ka yi fito iri ɗaya kafin ka ajiye kwanon. Kada ka doke shi ko ya yi ɓarna. Ranar Asabar ka zo da shi, akwai fatar zomo a rataye a zaure.