Wace Riga Ce Ta Dace da Wasan Allo Mai Ƙyallen Iska a Ruwan Sanyi?

Ɗan'uwa, ka ce daga Katsina ka tafi karatu Ingila, kana koyon hawan allo mai ƙyallen kama iska a teku, kuma kana tambayar wadda za ka saya tsakanin rigar roba mai barin ruwa ya shiga da kuma wadda ba ta barin ko ɗigo ya taɓa jiki. Shawarata ita ce ka sayi ta robar, mai kaurin milimita 5 a ƙirji da 4 a hannuwa da ƙafafu, ka haɗa da hula da safar hannu da takalma na irin robar. Ɗan ruwan da ke shiga cikinta jikinka ne ke ɗumama shi, robar kuma ta tsare ɗumin.

Dalilina shi ne mai koyo yana yawan faɗawa ruwa, kuma na lura cewa rigar roba ko ta yage tana ci gaba da ɗumama mutum tare da taimaka masa ya taso sama, alhali ɗayar, idan wani abu mai kaifi a jikin allon ya huda ta ko robar wuyanta ta tsage, ruwa ne zai cika ta, iyo ya yi wuya. Ga tsada, kuma ita kanta ba ta da ɗumi, sai an sa tufafi masu kauri a ciki. Sai dai idan za ka fita a Janairu ko Fabrairu, lokacin da tekun can ke sauka ƙasa da digiri 10, sanyin da hunturun Daura bai kama ƙafarsa ba, to mai hana ruwa ta cancanci kuɗinta, muddin kana duba zif ɗinta kafin kowace fita.